Wace Makarantar Lauya Za Mu Kai 'Ya'yanmu?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙungiyarmu a Gwarinpa

 

Mai girma shugaban wannan ƙungiya, malamanmu limamai, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke can baya suna saurare, da ku 'ya'yanmu ɗalibai, muna yi muku barka da zuwa. An ɗora mana nauyin yin magana a kan karatun lauya, alhali kuwa kowa ya san mu ba lauyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne, iyakar karatunmu allo da Islamiyya. To amma shugabanni sun ce tunda mun kai yaro wannan karatu har ya fito, mun biya kuɗin, mun sha zirga-zirgar, ya kamata mu zo mu faɗi abin da muka gani. Shi ya sa muka amsa. Inda muka yi kuskure, ga masana nan zaune, sai su gyara mana.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a bana iyaye da dama sun same mu a rumfa da tambaya iri ɗaya: yaro ko yarinya na son karatun lauya, ga Zariya, ga Kano, ga jami'o'in kuɗi a nan Abuja, ga kuma wani ɗan'uwa yana cewa a fitar da yaro waje, to ina za a nufa? Mu dai amsarmu ta 'yan kasuwa ce. Ba a sayen kaya sai an san kuɗinsu har zuwa rumfa, da dako da mota da komai, kuma sai an san inda za a sayar da su.

Da farko ya kamata iyaye su gane cewa jami'a ba ta mai da mutum lauya. Wannan shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba sai da muka shiga. Jami'a digiri take bayarwa, bayan shekara biyar ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, ko shekara huɗu ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da difloma ko makamanciyarta. Daga nan sai yaro ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1962, aka dawo da hedikwatarta Bwari a 1997. Ga ta nan kusa da mu, in ka hau titin Kubuwa ka karya ta Dutse, ba ka yi tafiyar awa guda ba ka isa. Tana da rassa a Legas, da Enugu, da Bagauda ta jihar Kano, da Yola, da Yenagoa, da Fatakwal, kuma makarantar ce ke tura ɗalibi reshen da ta ga dama, ba lallai a bar shi a Bwari don gidansu na Gwarinpa ba. A can zai yi kusan shekara guda, a tura shi kotu da ofishin wani lauya ya ga yadda ake aiki, sannan ya zauna jarrabawar ƙarshe. Sai ya ci za a rantsar da shi, ya sa baƙar riga da hular nan tasu ta gashi. Bayan wannan ga shekarar hidimar ƙasa. Kun ga shekara bakwai ke nan, in ba a yi yajin aiki ba, in kuma yaro bai faɗi ko sau ɗaya ba.

To a nan ne babban ramin yake, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Akwai majalisar da ke kula da ilimin lauya a ƙasar nan, ita ke riƙe da makarantar Bwari. Kowace jami'a da aka yarda ta koyar da lauya, wannan majalisa ta ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta riƙa turowa a shekara. Wata ɗari biyu da wani abu, wata ɗari, wata hamsin kacal. Idan jami'a ta yi kwaɗayi ta ɗebi yara fiye da kasonta, ranar da suka gama sai a ce ƙofa ba ta ɗaukar su duka. Sauran sai su zauna gida suna jiran layi, shekara ɗaya, shekara biyu, wani lokaci fiye. Ba labarin ƙanzon kurege muke ba ku ba. A ƙarshen 2023 majalisar ta hana wata jami'a mai zaman kanta a nan cikin Abuja ɗaukar ɗaliban lauya har na tsawon shekara biyar, saboda an ba ta gurbin hamsin ta riƙa ɗiban fiye da haka, har ɗaruruwan yara suka taru suna jira. Jaridu duk sun buga. Haka nan waɗanda suka yi digirin lauya a jami'ar nan ta karatu daga gida, sun yi shekaru da takardarsu a hannu makarantar Bwari ba ta karɓe su ba, sai daga baya aka shirya musu wani horo na musamman.

Akwai wani abokin cinikinmu, ba za mu kama suna ba don yana iya kasancewa a cikin taron nan, da ya sayar da fili ya kai ɗansa wata jami'ar kuɗi. Gini mai kyau, ɗakin kwana da na'urar sanyi, ba yajin aiki. Yaro ya gama cikin shekara biyar cif, aka yi walima, muka je muka ci shinkafa. Shekara biyu bayan haka yaron yana rumfar ubansa yana rubuta rasit, sunansa bai fito a jerin masu tafiya Bwari ba. A kasuwa wannan shi muke kira kaya sun kwanta. Kuɗi sun fita, kaya suna nan, ba a iya sayarwa. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi jami'ar abu uku: shin majalisar lauyoyi ta amince da ku, ba hukumar jami'o'i kaɗai ba? Mutum nawa aka ƙayyade muku? Mutum nawa ne a ajin da ɗana zai shiga? In suka fara kame-kame, ka ɗauki hularka. Kuma kada ka tsaya ga bakin jami'in da ke karɓar kuɗi, ka nemi ɗalibin da ke aji biyar ka saya masa lemo, shi zai gaya maka gaskiya. Wannan tambaya ba jami'o'in kuɗi kaɗai za a yi wa ba, har na gwamnati akan samu masu wuce kasonsu.

Sai maganar kuɗi. Jami'o'in tarayya irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da Jami'ar Abuja, har yanzu su ne masu sauƙi, duk da cewa a 2023 yawancinsu sun ƙara kuɗin rajista har iyaye suka koka. Na jihohi, irin ta Nasarawa da ke Keffi ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, sukan sassauta wa ɗan jiha su ƙara wa baƙo. Masu zaman kansu kuwa, a nan Abuja maganar miliyoyin naira ake yi a kowace shekara, kuma ba wanda zai rubuta maka cewa kuɗin bana shi ne na baɗi. Ka ninka sau biyar, ka ƙara abin da tsadar rayuwa za ta ƙara, sannan ka dubi jarinka ka gaya wa kanka gaskiya. Mun ga wanda ya fara da ƙarfinsa, a shekara ta uku kasuwa ta juya, aka dawo da yaro gida, ga shi komawa wata jami'a a tsakiyar karatun lauya ba abu ne mai sauƙi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma kada mu zalunci jami'o'in kuɗi, suna da abin da suke sayarwa, wato lokaci. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na kusan wata tara. A 2022 sun sake yin wani daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas. Yaran da abin ya rutsa da su, karatun shekara biyar ya koma musu shida da wani abu, suna zaune a gida suna tsufa, mu iyaye muna fargabar abokan banza. Wanda Allah ya hore wa, kuɗin shekara biyar na ajiye ba a cikin jari ba, kuma ya bincika maganar kaso ya ga lafiya, ba mu ce kada ya kai ba. Abin da muke ƙi shi ne a yi don ganin ido, don wane ya kai nasa.

Kuma a tuna kuɗin jami'a ba shi ne ƙarshe ba. Ita kanta makarantar Bwari, a zangon 2023 zuwa 2024 an ɗaga kuɗinta daga naira 296,000 zuwa 476,000, har Majalisar Wakilai ta sa baki. Ban da wannan ga littattafai masu tsada, ga kwamfutar tafi-da-gidanka, ga tufafin baƙi da fari da ake tilasta musu tun daga jami'a, ga abinci, ga kuɗin rantsarwa da rigar da hular. Mu shekarar Bwari ta fi kowace shekara girgiza mu, domin mun ɗauka an gama, ashe an zo wurin da ya fi zurfi.

Masu tunanin fita waje, ku saurara da kyau. Wanda ya yi digirin lauya a wata ƙasa, in ya dawo sai ya fara yin wani kashi na farko a makarantar Bwari, a koya masa dokokin Nijeriya, kafin ya haɗu da sauran a kashi na biyu. Ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, iyaye da yawa da yaransu ke Ingila ko Malesiya ko Uganda sun ji a jikinsu. Sudan da mutanenmu suka saba turawa, yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, sai da aka kwaso yaranmu ta kan iyakar Masar. A Janairun 2024 kuma gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo, bayan an bankaɗo yadda ake sayen digiri a Kwatano. Ita kuwa Jami'ar Musulunci ta Madina, kyauta ce kuma alheri ne babba ga wanda ya samu, sai dai digirin Shari'a zalla malami yake fitarwa, ba ya buɗe wa mutum ƙofar Bwari kai tsaye. A san abin da ake nema tun kafin a hau jirgi. A ganinmu, waje a bar shi sai digiri na biyu, lokacin da yaro ya zama lauya ya yi aiki, ya nemi tallafi irin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ke biyan karatun shekara guda ga wanda ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki.

Wannan ya kawo mu kan sikolashif, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu mu mazauna musamman. 'Ya'yanmu an haife su a Gwarinpa ko Kubuwa ko Dawaki, wani bai taɓa kwana uku a jere a garin kakansa ba. Amma ranar da aka zo rabon tallafin karatu, ba a tambayar inda aka haife ka, asalinka ake tambaya. Hukumar tallafin karatu ta Babban Birnin Tarayya ta fi karkata ga 'yan asalin yankin, Gbagyi da Gwandara da Gade da sauransu, kuma ba mu ga laifinta ba, ƙasarsu ce muka tarar da su. Namu rabon yana can Kano, ko Katsina, ko Jigawa, ko Sakkwato, ko Zamfara. Kowace jiha tana da hukumar sikolashif, kuma gwamnoni da dama sukan biya wa 'yan jiharsu kuɗin makarantar lauyoyi ko su ba su wani abu, ko da yake abin ya danganta da gwamnan da ke kai, ba a gina lissafi a kansa. To duk wannan ba ya samuwa sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ita kuwa sai mai unguwa da dagaci sun san ka. Wanda ya yi shekara goma bai je gida ba, ba gaisuwar mutuwa ba ta suna, ranar da ya je neman takarda sai ya sha kunya. Ku riƙa kai yara gida da salla, jama'a. Zumunci ne, kuma ga amfaninsa.

Har wajen samun gurbin ma asali yana aiki. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce an bari baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohinmu suna cikinsu. Don haka a kula da abin da yaro ke cikewa a fom. Jihar da ya rubuta a JAMB, da sunansa, da ranar haihuwarsa, su zo daidai da na katin ɗan ƙasa da na sakamakon sakandare. Mun ga yaron da aka rubuta masa Muhammad a nan, Mohammed a can, sai da aka yi ta yawon rantsuwa a kotu. Sannan tun yaro yana aji huɗu na sakandare a tabbatar yana ɗaukar Adabin Turanci, domin yawancin tsangayoyin lauya suna neman kiredit a cikinsa tare da Turanci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka buɗe a Mayun 2024. Ba ruwa a cikinsa, wanda ya sa hankalinmu ya kwanta ta fuskar addini. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, kuma da aka fara ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Amma na makarantun gwamnati ne, ɗan jami'ar kuɗi ba ya ciki. Bashi ne dai, a gaya wa yaro ya san da niyyar biya zai karɓa.

Yanzu ina kasuwar kayan? Kada mu ruɗi kanmu da manyan lauyoyin da muke gani a Maitama da manyan motoci. Sabon lauya a ofishin wani, sau da yawa abin da ake ba shi a wata bai kai abin da yaron shagonmu mai ƙwazo ke samu a Dei-Dei ba. Shekarun farko na haƙuri ne, uba ya shirya ci gaba da ba da kuɗin mota. Matsayi a wannan aiki da shekaru ake auna shi: sai lauya ya shekara 10 kafin a yi maganar alƙalin babbar kotu ko muƙamin SAN, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Sai dai zamanmu a Abuja gata ne. Ga Ma'aikatar Shari'a, ga hukumar rajistar kamfanoni, ga EFCC da ICPC, ga Majalisar Tarayya, ga bankuna, duk suna ɗaukar lauyoyi. Mu kanmu kasuwa ce. Wane ne a cikinmu bai taɓa shiga rigimar fili ba, ko takardar mallaka ta bogi, ko rikicin haya, ko rusau? Wa muke kai wa kuɗinmu in abin ya taso?

A nan ne muke da ra'ayi, kuma za mu faɗe shi ƙarara. Yaron da ya taso da Islamiyya, yana da ɗan Larabci, ya san Fiƙihu, asara ce a kai shi inda dokar Turawa kaɗai ake koyarwa. A Kongo ta Zariya akwai digirin lauya mai zurfafawa a Shari'ar Musulunci, a Bayero da Sakkwato ana haɗa dokar zamani da Shari'a a digiri ɗaya, kuma duk suna wucewa Bwari kamar kowa. Mai wannan takarda rumfa biyu gare shi a kasuwa ɗaya. Zai tsaya a babbar kotu, zai tsaya a kotun Shari'a kan gado da aure da wasiyya. Tsarin mulkin 1999 ya ce lauyan da ya shekara 10 kuma yana da shaidar ilimin Shari'a zai iya zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda akwai ta a nan Abuja, kuma ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana Shari'a a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Ga bankunan da ba ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, ga takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, duk suna buƙatar wanda ya san ɓangarorin biyu. Mai ganin kamar wannan digiri ƙarami ne, ya tuna Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, mutumin Giyaɗe ta jihar Bauchi, digirin Shari'a ya yi a Zariya ya gama a 1980, ya kuma zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2019 zuwa 2022. Yaron da makinsa bai kai ba kuma, kada a ce shi ke nan. Akwai hanyar difloma, irin ta Kwalejin Aminu Kano da ake kira Legal, in ya fito da sakamako mai kyau ya nemi aji biyu.

Iyayenmu mata sun aiko a tambaye mu game da 'ya'ya mata, ko aikin ya dace da su, da kuma maganar hijabi. Mai Shari'a Aloma Mukhtar ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan ƙasar nan, daga 2012 zuwa 2014. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta yi digirinta a Zariya, ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Maganar hijabi kuwa, a Disambar 2017 an hana wata ɗaliba, Firdaus Amasa, shiga zauren rantsarwa a nan Abuja saboda ta ƙi cire nata, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta, kuma tun daga nan ƙofar ta buɗe. Matanmu da yawa ana cinye musu gado don suna jin nauyin buɗe baki gaban namiji, lauya mace za su fi sakewa da ita. Wanda ba ya son 'yarsa ta yi nisa, ga Jami'ar Abuja, ga Keffi. Abu ɗaya dai, in maganar aure ta taso a tsakiyar karatu, a yi ta a fili da mijin tun kafin a shafa fatiha, ya san akwai shekarar da za a iya tura ta Enugu ko Yenagoa, kada a zo ana jayayya bayan an kashe kuɗin shekara biyar.

Ku kuma ɗalibai, kalma ɗaya gare ku. Karatun nan na mai son karatu ne, littafi a kan littafi da Turanci mai nauyi. In don Baba yana so a ce ɗansa barista ne za ka shiga, ka faɗa masa yanzu cikin ladabi, ya fi ka faɗa masa a aji uku.

Shugabanni sun amince sakatare zai buɗe littafi bayan sallar la'asar. Duk mai yaron da zai nemi lauya a JAMB mai zuwa ya rubuta sunansa da jiharsa da jami'ar da yake so, lauyoyin cikinmu sun yi alkawarin zama da su ranar Asabar ta sama don a duba takardu a kuma bincika kason kowace jami'a. Masu zuwa Kano da Katsina karɓo takardar ƙaramar hukuma su ma su rubuta, a haɗa mota ɗaya.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba mu abin da za mu ɗauki nauyinsu ta hanyar halal.